Ɗamara Mai Huji Ɗaya

Yamai, ran 4 ga watan bakwai

Zuwa ga uwargijiyata Priska,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna Ladi, da aikin asibiti. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau. Matata Hafsa na gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran man shanun da kika yi mata alkawari tun bara. Ruwa ya sauka, kasuwar Katako ta zama taɓo, katakon da muke saukewa daga mota duk ya jiƙe ya ƙara nauyi, amma mun gode Allah.

Na so in kira ki, sai na tuna ƙauyen da aka kai ki aiki ba rezon waya sai an hau tudu. Ko an samu ma, ke ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Shi ya sa na ba direban nan Maman wannan takarda, tunda motarsa tana bi ta wajenku duk sati.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya wasu ɗalibai masu karatun wasanni suka zo filin da muke gwaji a bayan unguwar Kalle, su da malaminsu. Wai bincike suke yi kan jikin ƴan rawar gargajiya masu alkafura. Moussa, shugaban ƙungiyarmu, ya ce mu yarda. Suka ɗora mu a balas na awon nauyi, suka auna tsawonmu, suka zagaye mana ciki da mitar tela. Akwai wani abu kamar awartaki, da shi suke mintsinin fatar mutum a ciki da damtse da baya. Wallahi ba don idon mutane ba da na yi ihu. Bayan nan suka sa mu hawa benci da sauka har minti uku, suka riƙe mana wuyan hannu suna ƙirga bugun zuciya.

Kowa aka ba shi takardarsa da Faransanci. Ni kin san lakwal ɗina a aji huɗu ta tsaya. Abdulhakim, wani ɗan ƙungiyarmu mai rawar kai, ya fizge tawa ya karanta a gaban kowa, ya ce an rubuta ina da ƙiba irin ta ciwo. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ga takardar nan na sa miki. Ki duba ki gaya mini gaskiya, ba wasan taubasai ba. Har yanzu da rumbu muke rufe wasa, mutum uku a ƙasa, biyu a kafaɗunsu, ɗaya a can sama, kuma ina ciki kamar yadda kika sani.

Naki,
Sama'ila

*

Wajen Dogon Dutsi, ran 16 ga watan bakwai

Bawana Sama'ila,

Na ga takardarka, na gode. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, har tana zuwa majami'a da kanta, sai dai in hadari ya haɗu ta fara mita. Ka ce wa Hafsa saniyar ce ba ta haihu ba, ba ni ce na manta ba.

To, kilo tasa'in da huɗu! Sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Kai Sama'ila, me kake ci a Yamai? Rabona da ganinka shekara goma sha biyu ke nan, ranar bikin ƙanwata, da kuka yi rumbu a ƙofar gidanmu. Kai ne tsuntsu a can sama, siriri kamar karan gero, ka buɗe hannuwa ka wuntsulo sau biyu kafin ka taɓa ƙasa. Ƴan mata suka yi ta guɗa, kai kuma ka kwana uku kana tafiya kamar ba ka taka ƙasa. Yanzu wannan tsuntsun ne ya zama buhun hatsi? Ka ji tausayin wuyan bayin Allah da kake hawa mana.

Ga gaskiyar da ka nema. In aka haɗa tsawonka da nauyinka, lissafin da ke takardar ya faɗa cikin ƙiba, Abdulhakim bai yi maka ƙarya ba. Mutumin da ake ɗagawa sama kuwa dole ya zama marar nauyi. Ka rage kilo goma, a hankali. Furar rana ka raba ta biyu. Fari masa, soyayyar fulawar nan, da sukari a shayi ka bar su. Tuwon dare malmala ɗaya ta isa, ka cika ciki da kopto, kwaɗon ganyen zogale.

Amma a ƙasan takardar an rubuta shafi na ɗaya cikin biyu. Ina na biyun? Can ne za a sa abin da awartakin ya nuna, wato nawa ne kitse nawa ne tsoka. Ka aiko mini da shi, don wannan rabin magana ce.

Uwargijiyarka, wadda ba ta shirin ƴanta ka,
Priska

*

Yamai, ran 19 ga watan takwas

Priska,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina Inna? Muna lafiya, sai dai ƙaramar ɗiyarmu ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke, har ta koma ɓarna.

Albishirinki. Kilo shida sun tafi! A balas ɗin masu sayar da ƙusa nake hawa duk Juma'a, har sun fara ce mini in zo su zuba ni a leda. Kin ce in raba fura biyu, ni na bar ta gaba ɗaya. Kin ce malmala ɗaya, ni rabi nake ci. Da safe ruwan ganyen kinkeliba kawai, sai in tafi sauke katako. Kin san ni, in na sa kaina abu ba na yin sa rabi da rabi.

Hafsa ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta je Ƙaramar Kasuwa ta sayo kifi, ta yi miyar da unguwa duka ta ji ƙamshi, na ce na ƙoshi. Ta kife kwanon ta ce, “Wannan likitar taku ta ƙauye, in ta zo Yamai ni da ita ne.” Kin ji, ki shirya.

Jikina ya yi sakayau. Shekaranjiya na gwada wuntsulawa a kan yashi, wadda rabona da ita an yi shekara bakwai, kuma na kusa sauka a kan ƙafafuna. Na kusa, na ce. Jiri yakan ɗebe ni da rana in na ɗauki katako mai kauri, amma na san sabo ne. Abu ɗaya ne ke ɗan damuna, ɗamarar Kawu ta fara yi mini yawa, yatsa biyu na shiga tsakaninta da cikina.

Shafi na biyu da kike tambaya, ban san inda na ajiye shi ba. In na gani zan aiko.

Naki,
Sama'ila

*

Wajen Dogon Dutsi, ran 24 ga watan takwas

Sama'ila,

Muna lafiya, Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Gaisuwar ke nan.

Wace ɗamara? Ɗamarar Babana? Me ɗamarar Baba Natanayel take yi a ƙugunka?

Kada ka raina mini hankali, ni ɗiyar turke ce. A gabana Baba yake shafa mata man shanu duk ranar wasa. Na san faɗinta, na san madaukai biyu na fata da ke gefenta, inda masu hawa suke sa ƙafa su haye kafaɗa. Na san mutum ɗaya ne yake ɗaura ta, turke, wanda yake tsakiya a ƙasa, wanda nauyin rumbu duka yake sauka a kansa. Kuma na san hujinta ɗaya ne, ba a ƙara wani, ba a ɗinke ta. Mutum ake nema wanda ya cika ta. Da Baba ya bar rawa ya kama aikin majami'a, a hannun Moussa ɗin nan naku ya bar ta, don shi ne tsuntsunsa a lokacin.

Ashe kai ne turke yanzu, ka bar ni ina yi maka lissafin tsuntsu? Ka dakatar da wannan haukan yau ɗin nan. Ka sha furarka, ka ci tuwonka. Jirin nan ba sabo ba ne, yunwa ce. Mutumin da ke sauke katako da rana ya ɗauki mutane da yamma ba ya rayuwa da ruwan kinkeliba. Kada ka shiga ƙarƙashin kowa sai ka ji daga gare ni.

Kuma shafi na biyu bai ɓace ba. Ka aiko shi.

Priska

*

Yamai, ran 14 ga watan tara

Priska,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Lafiyar jiki muna da ita. Sati uku da kwanaki ban ji daga gare ki ba, na ce ko fushi kike yi, ko kuwa kin ga aikinki ya yi kyau kin koma kan wasu marasa lafiya.

Rumbu ya faɗi ranar Talata.

A wurin gwaji ne, da la'asar, a kan yashi, Allah ya rufa asiri. Na biyun da ke hawa ya sa ƙafa a madauki, ɗamarar ta zame ta sauka har kwankwasona. Ya yi baya, na yunƙura in tare shi, gwiwata ta ƙi. Gwiwar da ta shekara bakwai ba ta taɓa yi mini gardama ba. Mutum biyu suka zubo. Ɗaya ya gurɗe a hannu, an ɗaure, yana samun sauƙi. Ba wanda ya zage ni, kuma wallahi da sun zage ni da ya fi mini.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Ni ba tsuntsu ba ne, rabona da sama shekara bakwai. Aikin katako ya buɗe mini ƙirji da kafaɗu, na yi nauyi, Moussa ya sauko da ni tsakiya, daga baya ya sauko da ni ƙasa ya ɗaura mini ɗamarar Kawu. Kowa a nan ya ce girma ne. Ni ma na sani. Amma turke ba a ganinsa, Priska. Fuskata tana tsakanin cinyoyin mutane, guɗa kuma ta na sama ce. Ke kaɗai kika rage a duniya da kike tuna ni a can sama, sai na kasa gaya miki. Shafi na biyu yana cikin aljihuna tun ranar. An rubuta aikin kowa a kansa, nawa an sa mai ɗauka, shi ya sa na cire shi. Da kika ce in rage kilo goma na san lissafin wani kike yi. Amma sai zuciyata ta ce, in na rage, wa ya sani, ko Moussa zai mai da ni sama ko sau ɗaya. Mutum mai shekara talatin da takwas da ƴaƴa uku! Ki yi dariya, na ba ki izini.

Yau kilona tamanin da biyar. Moussa ya karɓi ɗamarar ya rataye a ɗakinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai babban wasan kaka ranar Asabar ta ƙarshen watan goma, ƙungiyoyi da yawa za su zo. Ran nan da rana zai gwada mini ita. In ta kama, ni ne turke. In ba ta kama ba, Abdulhakim ya cika ta, an riga an gwada. Ba na ƙin yaron, yana da ƙarfi. Amma ɗamarar Kawuna ce, kuma ni na sake ta da hannuna saboda son a gan ni.

Ga shafin nan.

Sama'ila

Ƙari: Ina cikin liƙe ambulan sai ga Maman da takardarki ta ran 24. Ya ce ruwa ya cinye hanyarku, motarsa ta yi sati uku ba ta bi ta can ba, takardar tana wurin mai shagon bakin hanya. Na karanta a tsaye. Da ta iso a kan lokaci da hannun mutumin nan lafiyarsa lau. Ban canza komai a abin da na rubuta ba, ki karanta yadda yake.

*

Wajen Dogon Dutsi, ran 22 ga watan tara

Ɗan'uwana Sama'ila,

Muna lafiya, gero ya fara nuna, sauro ne kawai ya hana mu sakat. Ka gaida mai hannu, ka ce kada ya kwance ɗaurin kafin sati uku.

Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi, wajen wuntsulawar da ka kusa sauka. Amma ni ma da laifina. Na ba da magani ban ga marar lafiya ba, da hoton shekara goma sha biyu a kaina, abin da kullum nake hana masu koyon aiki.

Na karanta shafin. Kai wawa ne, bawana, wawa mai sa'a. A cikin kashi ɗari na jikinka, sha bakwai ne kitse. Sauran ƙashi ne da tsoka da ruwa. Bugun zuciyarka bayan hawa benci ya koma daidai da wuri, malamin har ya ja layi a ƙarƙashinsa. Lissafin shafin farko bai san bambancin tumbi da ƙirji ba, nauyi kawai yake gani. Wato lafiyarka ƙalau, ka ɗauki wata biyu kana narkar da naman da Allah ya ba ka don ɗaukar mutane.

Yanzu ka saurara, kuma wannan karon abin da na ce za ka yi, ba ninkinsa ba. Ci sau huɗu a rana. Fura da nono, wake, ƙwai in an samu, ƙuli-ƙuli a aljihu, kifin Hafsa har ƙayarsa. Ka ba ta haƙuri, ka ce likitar ƙauye ta tuba. Kada ka cika ciki da fari masa don ɗamara ta kama, kitse ba ya riƙe gwiwa. Sati biyu na farko buhun yashi za ka ɗauka a kafaɗa, kana durƙusawa kana tashi. Bayan nan mutum ɗaya, sannan biyu. In jiri ya dawo ka tsaya.

Gaskiya, sati biyar ba lalle su mai da kilo tara ba. Ƙarfi zai riga ƙugu dawowa.

Na karanta wa Inna takardarka. Ta tashi ta buɗe tsohuwar adakarta, ta ciro ƙyallen da ke cikin ƙunshin nan. Ta ce wata shekara da damina ta ƙi, Baba ya rame har ɗamarar tana juyawa a jikinsa. Ita ce ta yago wannan daga zanen aurenta na saƙi, tana naɗa masa a ciki sau biyu kafin ya ɗaura fatar a kai. Wasa huɗu ya yi haka, har hatsi ya dawo. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni kaina yau na ji. Ta ce in ba ka, kai ka san abin da za ka yi da shi.

Ni dai abu ɗaya zan ce. Mutane za su hau kanka, suna da hakkin su san a kan me suke tsaye.

Priska

*

Yamai, ran 2 ga watan sha ɗaya

Uwargijiyata,

Gaisuwa mai tarin yawa, ke da Inna. Muna lafiya ƙalau. Hafsa ta ce ta yafe, amma man shanu yana nan a kanki. Mai hannu an kwance masa, shi ya buga mana ganga ranar wasa.

Na bi maganarki, ba ƙari ba ragi. Na ci wake har yara suna gudu daga ɗaki. Ranar Asabar da safe na hau balas ɗin masu ƙusa, kilo tasa'in da ɗaya. Gwiwa ta dawo, na san ta dawo, don tun sati biyu nake ɗaukar mutum biyu ina zagaya fili da su.

Da azahar Moussa ya kira mu bayan rumfa, ya ciro ɗamarar ya ɗaura mini a gaban kowa. Ya tura yatsa. Yatsa ɗaya ya shige. Har Abdulhakim ma ƙasa yake kallo.

Ƙyallen Inna yana cikin jakata. Ba zan ɓoye miki ba, tun da safe na yi niyyar naɗa shi a ƙarƙashin riga in yi shiru. Har na shiga bayan gida da shi. Sai na tuna ɓoye takarda ɗaya ya karya mini rumbu, na mai da shi jaka. To a nan gaban kowa na ciro shi na miƙa wa Moussa, na ce, “Baba Moussa, ga abin da matar Kawu ta aiko. Ta ce ya taɓa naɗawa. In haram ne a wasanmu, a ba Abdulhakim ɗamara, ni zan tsaya a gefensa.”

Ya karɓa ya warware shi, ya daɗe yana kallo. Sai na ga tsohon nan yana dariya, idonsa kuma ya kawo ruwa. Ya ce, “Zanen Ladi! Shekarar yunwa ina sa ƙafa a madauki ina ganin bakin wannan shuɗin yana leƙowa. Wasa huɗu. Natanayel ya ɗauka ban gani ba, ni kuma ban taɓa jin turke ya tsaya kamar wannan shekarar ba.” Ya ce abin da aka hana shi ne huda fata da ɗinke ta, kuma ba a huda ba, ba a ɗinke ba. Amma ya ce ƙyalle ƙugu yake cikawa, shi gwiwa yake son gani.

Da hannunsa ya naɗa mini, zagaye ɗaya ya isa. Ya ɗaura ɗamarar, ta kama kam. Sannan ya ce Abdulhakim, wanda ya fi kowa nauyi, ya taka madauki ya hau kafaɗata ya yi tsalle sau uku. Ya hau, ya yi. Ban motsa ba. Da ya sauko ya dafa ni ya ce, “Wannan ƙibar ta ciwo ce, ni ta ji wa ciwo a tafin ƙafa.” Shi aka sa a damana.

Priska, rumbu ya tsaya. Ganga ta yi juyi uku muna tsaye, tsuntsu ya buɗe hannuwa ya wuntsulo, fili ya ɗauki guɗa. Ni ban ga komai ba, kin san inda fuskata take. Amma na ji nauyinsu duka ya sauko ta kafaɗata ya bi ta bayana ya shiga ƙasa, ba wanda ya girgiza, kuma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a can sama ba. Wallahi ban taɓa ba.

Ki gaya wa Inna ƙyallenta yana wurina. In ƙugu ya cika zan wanke in kawo mata da kaina, ki ga bawanki da idonki ki daina lissafi da ka.

Ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya zo kallo, ya ɗauke mu hoto ya wanko mini. Ga shi na sa miki. Na san idonki sama zai fara zuwa, wancan yaron ba ni ba ne. Ki sauko ƙasa, a tsakiya. Ba za ki ga fuska ba, sai ƙafafu biyu da ɗamarar Babanki. Ni ne nan.

Naki, turke,
Sama'ila